Kwalaben da Muka Kwantar a Ɗakin Inna

Bazara ce, irin wadda hadari yake haɗowa daga bakin teku kullum da la'asar, ya yi baƙi kamar zai zubo, sa'an nan ya watse bai bar mana ko ɗigo ba. Iskar teku da muka saba da ita ma ta ɗauke a shekarar. Mutum ya yi wanka, kafin ya ɗaura zane ya sake jiƙewa. Amma ba zafin ne ya fi damun Zangonmu na Lome ba, shirun ne. Da rana ana ta kiɗa a filin makaranta, 'yan rawar jam'iyya suna koyon waƙoƙin yabo, da yake jam'iyya ɗaya ce tak a ƙasar, kowa kuma ɗanta ne, ya so ko ya ƙi. Sai dai a majalisar maza, in hira ta zo kan sunan wani, sai murya ta yi ƙasa. Ba a cewa an kama wane. Cewa ake yi an kira shi. Wanda aka kira kuwa, ba a tambayar yaushe zai dawo.

Na san abin da kuka taso kuna ji a bakin mutane, cewa babanku ya taɓa yin cinikin giya. Ke Rabi, har faɗa kin yi a kan haka a bakin famfo, kika dawo da tsagaggen leɓe, na wanke miki ban ce komai ba. Tun da Allah ya sa na koyi riƙe alƙalami a ajin yaƙi da jahilci da furfurata, bari in shimfiɗa muku yadda aka yi, ku daina karɓa daga bakin waɗanda ba su shiga ɗakin ba.

Babanku, Malam Idi, direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa arewa. In yana gari kuwa, ba a binne kowa a unguwarmu ba da hannunsa ba. Shi ne yake sauka cikin kabari ya karɓi mamaci ya gyara masa kwanciya. Saboda haka sahun farko a masallaci nasa ne, ko ya makara sai an matsa masa. Yana da aboki guda wanda ba namu ba, wani lauya ɗan ƙasa, Kirista, da ake kira Metir Komla. Shekarun baya birki ya taɓa tsinke wa babanku ya ture wani mai keke, aka rufe shi. Metir ne ya tsaya masa har ya fito, kuma ya ƙi karɓar ko goro.

Wata rana da hantsi Metir ya zo gidanmu da ƙafarsa, ba kwat, ba jaka. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, suna zaure, ina jin su. Hausarsa ta kasuwa ce, amma yana jin ta sarai.

“Idi, zan ba ka ajiya.”

“Na karɓa, Metir.”

“Ba ka tambayi ko mece ce ba.”

“Wanda ya fitar da ni daga kurkuku ba na yi masa tambaya.”

Da azahar wata ƙaramar mota ta sauke akwatunan katako a ƙofar baya. Da aka ɓalle na farko aka yaye ciyawar da ke sama, sai ga kwalabe baƙaƙe, kowace da takarda manne a cikinta, da zanen wani babban gida. Babanku ya ɗauki ɗaya ya ɗaga ta wajen haske, ya ga ja yana motsi a ciki. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya ajiye ta a hankali, ya goge hannunsa a riga. Amma magana zarar bunu ce. Ya riga ya ce ya karɓa, kuma a wurinsa amana ba a mayar da ita don an ga fuskarta.

Metir ya zauna a kan akwati ya yi mana bayani kamar mai ba da labarin 'ya'yansa. Ya ce jar giyar inabi ce ta Faransa. Tun yana karatu a can yake tara ta, yana zuwa wurin gwanjo inda manyan mutane suke ɗaga hannu, ya sayi ta gonar kaza ta shekarar kaza, don kowace damina da irin tata. Ya ce wasu kwalaben sun girmi aurenmu. Irin wannan, in ji shi, gwargwadon daɗewarta a kwance gwargwadon darajarta, kuma niyyarsa in 'yan matansa sun isa babbar makaranta ya mayar da ita gwanjo ta yi musu karatu. Sa'an nan ya juyo wajena, don ya san aikin gida a hannun wa yake.

“Madam Idi, kada ta tsaya a tsaye, bakinta zai bushe. Kada ta ga rana. Kada ta ji zafi. Kada a girgiza ta, ko daka kada a yi kusa da ita. Barci take yi.”

“Sai yaushe za ka zo ka tashe ta?” na tambaye shi.

Ya dubi ƙofa.

Ɗakin da ya fi sanyi a gidan shi ne na Inna, kakarku, wadda ta rasu bara waccan, tun lokacin kuma yake rufe. Babanku ya toshe tagar da tabarma, ya haƙe ƙasan ɗakin har gwiwa, ya kawo yashi daga bakin teku ya zuba. Shi kaɗai ya yi aikin, bai yarda in taɓa kwalba ba. Ina riƙe masa fitila yana sauka cikin ramin, yana ɗauko su ɗaya bayan ɗaya da hannu biyu, yana kwantarwa. Sai da ya gama na lura da abin da ya yi. Duk ya jera su gefe guda, kawunansu wuri ɗaya, ya tura wa kowace yashi a ƙarƙashin wuya, yadda hannunsa ya saba. Shi ma ya lura. Ya tsaya a cikin ramin yana kallonsu, sa'an nan ya ce in miƙo buhunan da muka jiƙa, ya lulluɓe su.

Mako bai cika ba aka kira Metir. Aka manna takarda a ƙofar gidansa, aka sa soja. Matarsa, Madam Afi, ta kwashi 'yan matan ta tsallaka Aflao, ɓangaren Gana, da kayan jikinsu.

Daga nan aikin ya zama nawa, don babanku yana hanya. Safe da rana ina ɗaukar bokiti in shiga in yayyafa wa yashin da buhunan ruwa, in fito in kulle. Na kawar da turmi daga jikin bangon, na kai shi bakin rariya. Ku kuma na hana ku guje-guje a wajen. Ɗakin yana da wani sanyi da ba na gidanmu ba, da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. In na shiga daga cikin rana idona ba ya ganin komai sai tudun buhuna, dogo, kamar mutum ya ja mayafi har kansa. Ban san ranar da na fara yin sallama in zan shiga ba. Na dai tsinci kaina ina yi, a hankali, kamar mai gudun ta da mara lafiya.

Zango kuwa ba a ɓoye masa bokiti. Maƙwabciyarmu Iya Lami, mai sayar da wake da shinkafa, katangarmu da tata ba ta wuce kafaɗa ba.

“Hajara, wa kike shayarwa a ɗakin Inna? Ko tsohuwar ce ta dawo da ƙishirwa?”

“Ƙura nake kwantarwa, Iya.”

“Ƙura a ɗakin da ba a buɗewa? To, a gaishe ta. Turmi ma na ga an kore shi bakin rariya. Ƙurar taku ciwon kai take yi?”

Ta yi dariya, na yi. Amma idonta yana kan kwaɗon ƙofar.

Akwai wata rana da ba na mantawa. Tsakar rana ce, zafin ya kai inda kaji suka buɗe baki suka laɓe a inuwar randa. Ba kiɗa a filin makaranta, ba kukan yaro, ko rediyon mai shayi ba a ji. Ina cikin ɗakin na durƙusa ina yayyafi, sai na ji wani abu daga ƙarƙashin buhun, a hankali, kamar mutum ya daɗe yana riƙe numfashi sa'an nan ya sake shi. Na tsaya da ruwa a tafin hannuna, ina jira ko zan ji an ja wani numfashin. Ba a ja ba. Na yi bisimilla na ɗage bakin buhun. Wata kwalba ce zafi ya turo toshiyar bakinta, ja yana fitowa siriri yana bin yashi, yashin yana shanye shi kamar wurin da aka yi yanka. Na san kwalba ce, da idona na gani. Duk da haka na fito da baya da baya, ban juya mata ƙeya ba.

Kuskurena a ranar ɗaya ne, na wanke buhun na shanya a igiya. Jan bai fita ba. Kafin magariba labari ya zaga unguwa cewa Metir Komla ya kuɓuce daga hannun hukuma yana ɗakin Inna, da rauni a jikinsa, matar Idi tana jinyarsa. Kowa ya haɗa abin da ya gani, ruwan da ake kaiwa, dakan da aka hana, yaran da ake tsawata wa, tagar da aka toshe. Ni kaina da a gidan wani na ga haka, abin da zan ce ke nan. Har ku kuka fara cewa kun ji baƙon ɗakin Inna yana tari.

Bayan kwana kaɗan wani mutum ya fara zama a teburin mai shayi da ke kallon ƙofarmu. Yana da baƙin tabarau da farar riga mai gajeren hannu. Ba ya shan shayi, ba ya hira. Bencin da yake cika da safe ya koma shi kaɗai. In na fito zubar da ruwa ba ya juyo da kai, amma na san yana ganina.

Wata ranar Alhamis babanku ya dawo daga arewa. A ranar kuma Iya Lami ta kira ni jikin katanga. Wannan karon ba ta yi wasa ba. 'Yarta tana sayar da abinci a ƙofar bariki, kunnenta kuma yana aiki.

“Bayan Juma'a za su zo. In mutum ne, ku fitar da shi yau. In kun fitar ma, su ba za su yarda ba, za su tambayi Idi inda ya kai shi. Kin san yadda suke tambaya.”

Na gaya wa babanku yana cin abinci. Na ce mu buɗe ɗakin, mu kira dattawa su gani da idonsu tun kafin soja su zo, don in soja ne suka fara buɗewa suka tarar da kwalabe, za su ce an gusar da mutumin ne.

“In aka gani za a kwashe,” ya ce. “Karatun 'ya'yan mutum ne.”

“Malam, kai ma kana da 'ya'ya.”

“Na ce masa na karɓa, Hajara.”

“Shi bai ce ka mutu a kai ba.”

“Bai ce ba. Ni ma da ya tsaya mini ban ce ya yi kyauta ba.”

Bai ambaci ɗaya abin ba, ni ma ban ambata ba, wato yadda Zango zai dubi mai binne matattunsa in aka ga giya kwance a ɗakin uwarsa. Ya wanke hannu ya tashi. Ni kuwa na zauna ina auna abu biyu, sunansa da ransa. Suna in ya ɓaci, mutum yana nan yana tafiya da ƙafarsa. Wanda aka kira kuwa ba mu taɓa ganin ko takalminsa ba.

Ranar Juma'a na jira har aka sallame. Lokacin da maza suke dawowa ta layinmu da dardumansu a kafaɗa, na buɗe ƙofar zaure duka biyu, na buɗe ɗakin Inna, na fizge tabarmar taga, na yaye buhunan. Rana ta shiga ta sauka a kan kwalaben. Sa'an nan na tsaya a bakin ƙofa da mayafina, ni da ba a taɓa jin muryata a waje ba.

“Bayin Allah, ku shigo ku ga wanda nake jinya.”

Suka shigo, dattawa a gaba. Wani ya sunkuya ya ɗaga kwalba, ya gane, ya sake ta a kan yashi kamar ya taɓa garwashi. Mai baƙin tabarau shi ma ya shigo, mutane suka dare masa. Ya cire tabarau a karo na farko, ya leƙa bayan ƙofa, ya dubi rufi, ya taka yashin da takalmi, sa'an nan ya dubi taron nan na shaidu ya mayar da tabarau ya fita. Babanku ne na ƙarshen isowa. Ya tsaya a tsakar gida, ya dubi ɗakin a buɗe, ya dube ni. Bai ɗaga murya ba. Ya shiga ɗakinsa ya sauke labule.

Jandarmomi, wato sojan da aka ce za su zo, sun iso da la'asar suka tafi da shi da akwatunan. Amma kaya suka zo ɗauka, ba mutumin da ake cewa mun ɓoye ba, don rabin Zango ya riga ya ga abin da ke ɗakin. Ya kwana biyu a hannunsu ya dawo da ƙafarsa, da ɗingishi kaɗan. Bai yi mini magana ba. A masallaci ba wanda ya ce masa komai, sai dai ba a ƙara matsa masa a sahun farko ba. A makon aka yi rasuwa a bayan layinmu, ya ɗauki fartanyarsa ya fita, aka ce masa an riga an samu mai shiga. Har ya bar duniya bai sake sauka kabarin kowa ba. Wannan shi ne abin da buɗe ƙofar ya ci, kuma shi ya biya, ba ni ba.

Da hukuma ta sa ranar gwanjon kayan Metir, babanku aka umarta ya kwashe su da motarsa zuwa wani fili kusa da tashar jiragen ruwa, wajen Adakpame. Na bi shi ban tambaye shi ba, bai hana ni ba. Na tsaya a baya tare da masu sayar da ruwa. An jera kujeru a ƙarƙashin rumfa, ga Turawa, ga Kwarori masu kantuna, ga manyan matan kasuwa masu atamfa. An sayar da kujerun Metir da littattafansa da gadonsa, ana ɗaga hannu ana gardama, mai gwanjo yana buga 'yar gudumarsa yana zolaya. Sai aka zo kan kwalaben. An tsayar da su a tsaye a kan tebur, cikin rana tsaka. Na ga babanku ya kawar da kai.

A sahun gaba akwai wata babbar kujera da ba kowa a kanta. A bayanta mai baƙin tabarau yake tsaye. Mai gwanjo ya ɗaga kwalba ya faɗi gonarta da shekararta, wani tsohon Bature ya saki ajiyar zuciya, hannunsa ya fara tashi, sai ya dubi kujerar ya mayar da shi kan gwiwa. Ba wanda ya taya. Mai tabarau ya gyaɗa kai kaɗan, guduma ta sauka. Haka aka yi ta yi, akwati bayan akwati, ba ka jin komai sai gudumar da kukan tsuntsayen teku, kujerar da ba kowa tana saye.

A kan akwati na ƙarshe mai gwanjo ya gaji, gumi ya jiƙa masa wuya. Da Faransanci yake magana, amma wanda ya zauna a Lome ya san kalmar da ake sa wa sunan wanda ya mutu, muna jin ta kullum a sanarwar rediyo. Ya ce wannan ne ƙarshen kayan marigayi Metir Komla. Sai ya tsaya, bakinsa a buɗe. Ba a taɓa sanar da mutuwar ba. Ba gawa, ba jana'iza, matarsa tana can tana jiran ya fito. Mutanen rumfar duk suka sunkuyar da kai kamar ba su ji ba. Mai gwanjo ya yi tari, ya buga guduma ba tare da ya jira an gyaɗa masa kai ba.

Na tuna da ranar nan da na ji an saki numfashi a ƙarƙashin buhu. Ban ce ranar ce ba, Allah ne ya sani. Amma na tuna.

A hanyar dawowa motar ba kaya, tana ta kwaramniya. Mun kusa gida babanku ya yi mini magana, karo na farko tun Juma'ar nan, idonsa a kan hanya.

“Madam Afi ba ta sani ba. Ni ana kallona, ba zan iya tsallakawa ba.”

“Zan je.”

“Ki gaya mata mijinta ya rasu. Ki ce mata Idi ya kasa riƙe amana.”

Washegari da na idar da sallar asuba na bar ku wajen Iya Lami, na ɗora kwandon busasshen kifi a kai kamar sauran matan da suke tsallakawa ciniki, na bi bakin teku da ƙafa har Aflao. Na yi ta tambaya har aka nuna mini ɗakin da take haya a bayan wani gidan burodi. Tana zaune a ƙofa tana yi wa ƙaramar 'yarta kitso. Da ta gan ni ta saki gashin yarinyar ta miƙe. Na sauke kwandon, na kama hannunta biyu, na gaya mata saƙo na farko yadda aka ba ni. Na zauna da ita a ƙasa har kukan ya lafa. Da ta iya magana ta tambayi ajiyar, sai na ce mata an kwashe an sayar.

“Idi ya riƙe har ƙarshe, Madam. Ni na buɗe ƙofar.”